Yadda Ake Bin Salsalar Iyali ta Hanyar Tsofaffin Takardu

Yawancin masu neman asalinsu daga sama suke farowa. An gaya musu zuri'arsu ta fito daga wani sarki, ko wani babban malami, ko wani jarumi da ya taso daga ƙasa mai nisa, sai su tafi neman wannan mutum a littattafai da fatan su gangaro daga kansa har su iso kansu. Wannan hanya ba ta ɓullewa. Wanda ya rayu shekara 200 da suka wuce yana iya barin zuri'a ta dubban mutane, kuma babu abin da zai nuna maka reshen da za ka bi. Hanyar da ke kai mutum ita ce ka fara da kanka, ka hau zuwa iyayenka, ka tabbatar da wannan da shaida, sannan ka ƙara hawa. Duk abin da ke tafe a kan wannan ƙa'ida ya tsaya.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Ka tanadi littafin rubutu mai ƙarfin bango wanda ba za a yi wani abu da shi ba sai wannan aiki, da fensir biyu ko uku, domin gidajen adana takardun tarihi ba sa yarda a shiga da biro kusa da tsohuwar takarda. Ka tanadi waya mai kyamara mai kyau da wurin ɗaukar murya, da abin cajinta na tafi-da-gidanka. Sai madubin ƙara girman rubutu, da babban farin kwali na zana salsala, da fayil-fayil na kwali, ɗaya ga kowane reshe na dangi. Ka riƙe katin shaidarka, za a nema a ƙofa. Taswirar yankin da kake bincike a kai tana da amfani ƙwarai, ta yanzu da tsohuwa idan ta samu.

Kwamfuta tana taimakawa amma ba dole ba ce. Akwai manhajar Gramps ta kyauta da ake jera dangi a ciki. Ko wace manhaja ka zaɓa, ka tabbata tana iya fitar da aikinka a tsarin GEDCOM, wanda kusan duk manhajojin salsala ke karantawa, don kada aikinka ya maƙale a wuri ɗaya. Wanda ba shi da kwamfuta, littafi da fensir sun ishe shi.

1. Fara da abin da ke cikin gida

Rubuta cikakken sunanka, ranar haihuwarka da wurin. Yi haka ga mahaifinka da mahaifiyarka, sannan kakanninka huɗu. Inda ba ka sani ba ka bar gurbi, kada ka cike da zato. Yawan gurabun da za ka gani shi ne zai gaya maka inda aiki yake.

Daga nan ka bi akwatuna da ƙasan katifa da bayan hotuna. Takardar haihuwa, ta aure, ta makaranta, ta sallama daga aiki ko soja, rasit ɗin haraji, takardar fili, tsohon fasfo, wasiƙu, katin asibiti. Ka buɗe littattafan addini na gida ka duba shafin farko da na ƙarshe, domin a ƙasashe da dama a nan iyaye ke rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar manyansu. Ka juya kowane hoto, sau da yawa akwai suna ko hatimin mai hoto da sunan gari a baya. Ɗauki hoton komai, gaba da baya, ka mayar wa mai shi da kayansa a ranar. Wanda ya ari takardar dangi ya riƙe, ba za a sake nuna masa wata ba.

2. Zauna da dattawa, kuma ka yi sauri

Takarda tana jira, tsoho ba ya jira. Idan aka ce in zaɓi mataki ɗaya da ba a ɗage shi zuwa baɗi, wannan ne. Ka rubuta sunayen duk tsofaffin dangi, ka fara da wanda ya fi shekaru ko ya fi rauni. Kada ka tsaya kan maza kawai. A dangi da yawa tsofaffin mata ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa, wace ce uwar wane, wane yaro ne ya rasu yana goye. Irin wannan ne takardun hukuma suka fi tsallakewa.

Ka je ka gaishe su tukuna, ka faɗi abin da kake so da dalilinsa, ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya. A farkon kowane ɗauka ka faɗi kwanan wata da sunan mai magana da wurin da kuke. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Gara ka dawo sau da yawa, domin bayan ka tafi ne tsoho ke ta tuno abubuwa, in ka dawo sai ka tarar ya tara maka.

Yadda ake tambaya shi ne rabin aikin. Idan ka ce, “Kaka, a wace shekara aka haifi mahaifinki?” amsar da za ka samu ita ce ba ta sani ba. Amma ka ce, “Kaka, da aka yi yaƙin duniya na biyu, Baba yana da aure ko yana saurayi?” sai ka ga ta gyara zama. Mutane suna riƙe lokaci da abin da ya faru: yunwa, ambaliya, husufin rana, zuwan jirgin ƙasa, naɗin wani shugaba. Wasu abubuwan duniya duka ta shaida su, kuma an san shekarunsu: tauraro mai wutsiya na Halley a 1910, annobar mura ta 1918 zuwa 1919, yaƙin duniya na farko daga 1914 zuwa 1918, na biyu daga 1939 zuwa 1945. Idan aka ce an haifi wani shekara biyu bayan babbar mura, ka samu 1920 ko kusa da haka, kuma wannan ya ishe ka shiga rajista.

Kada ka sa wa mutum amsa a baki. “Ba daga gabas suka zo ba?” tambaya ce da ke jawo “haka ne” ko da ba haka ba ne. Ka ce, “Daga ina suka zo?” ka yi shiru. Ka tambayi laƙabi da sunan yanka duka, da sana'a, da unguwa, da maƙwabta, da inda aka binne mutum. Ka bambance ɗan ciki da ɗan riƙo da agola, da 'yan uwa da 'yan uba, domin a baki duka “ɗansa ne”, amma a salsala kowa da layinsa. Kuma ka ji kowane dattijo shi kaɗai kafin ka haɗa su. In ka haɗa su tun farko, mai ƙarfin murya ne zai yi magana, sauran su bi.

Idan ka taɓo wani abu ka ga fuska ta canza, ka bar shi. Akwai abin da dangi suka rufe don dalili, kuma ba a ranar farko ake buɗe shi ba.

3. Ba kowa lamba

Kakanni suna ninkuwa: iyaye 2, kakanni 4, sai 8, sai 16, a hawa na goma sun kai 1,024. Ga kuma maimaita suna, jika ya ci sunan kaka. Ba tare da lamba ba za ka rikice. Tsarin da aka daɗe ana amfani da shi mai sauƙi ne. Kai ne 1, mahaifinka 2, mahaifiyarka 3. Uban kowane mutum lambarsa ninki biyu ce ta lambar ɗan, uwa kuma ninki biyu da ɗaya. Kakanka na wajen uba 4, matarsa 5, kakanka na wajen uwa 6, matarsa 7. Ban da kai, duk mai lamba cika namiji ne, mai mara mace ce. Rubuta lambar a kan kowace takarda da ta shafi mutumin.

Zaɓi reshe ɗaya ka bi. Mai bin huɗu a lokaci guda ba ya gama ko ɗaya.

4. Gano wace hukuma ce ke riƙe da wurin a wancan lokaci

A nan sababbi da yawa ke ɓata watanni. Takarda tana bin hukumar da ta rubuta ta, ba ta bin taswirar yau. Ƙauyen kakanka yana iya kasancewa a wata gunduma yanzu, amma a 1930 yana ƙarƙashin wata, kuma rajistarsa tana hedikwatar waccan. Iyakoki sun motsa, larduna sun rabu, garuruwa sun canza suna, wasu an tashe su gaba ɗaya saboda madatsar ruwa ko yaƙi. Kafin ka je ko'ina, ka rubuta a shafi ɗaya: sunan wurin a lokacin, gundumarsa, lardinsa, kotun da ke yi masa shari'a, da ƙasar da ke mulkinsa.

Ga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, takardu sun kasu biyu, wasu a ƙasar, wasu a wurin waɗanda suka yi mulkin. Na Birtaniya suna Kew a Landan, na Faransa da yawa suna Aix-en-Provence, yayin da na tsohuwar tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa suka zauna a Dakar. Taskar takardun Najeriya tana da manyan rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna. Amma kada girman waɗannan wurare ya ɗauke maka hankali. Talaka da wuya sunansa ya kai babban birni. A ƙaramin ofis yake: kotun gari, ofishin filaye, makarantar firamare, wurin ibada.

5. San irin takardun da abin da kowace ke bayarwa

*Rajistar haihuwa da aure da mutuwa.* Ita ce farkon abin nema, amma sai ka san shekarar da aka fara ta a wurin. Faransa ta mayar da ita hannun hukuma a 1792, Ingila da Wales a 1837. A ƙasashe da yawa sai cikin ƙarni na 20 aka fara, kuma ko da aka fara, birane ta kama, karkara ta daɗe ba ta shiga ba. Rashin sunan kakanka a ciki ba ya nufin ba a nan aka haife shi ba. Takardar aure ta fi ta haihuwa amfani, domin tana haɗa gida biyu, sau da yawa da sunayen iyaye da shaidu.

*Littattafan wuraren ibada.* Sun girmi na hukuma. An umarci coci-cocin Ingila su riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa tun 1538, Cocin Katolika kuma ta wajabta rajistar baftisma da aure a babban taronta na garin Trent a 1563. A ƙasashen Musulmi, kundin kotunan alƙalai ne ya fi ɗaukar wannan nauyi. Kundayen kotunan Daular Usmaniyya da suka rage a Istanbul da Alƙahira da Dimashƙa da Ƙudus cike suke da aure da saki da gado da waƙafi. A Haridwar ta Indiya kuwa, malaman addinin Hindu ne ke riƙe da littattafan zuri'ar iyalan da ke zuwa ziyara, wasu na ɗaruruwan shekaru. Saboda haka ka tambaya a wurin da kake bincike, wa ke rubuta irin waɗannan abubuwa kafin hukuma ta karɓa?

*Rabon gado da wasiyya.* A ganina babu takardar da ta kai wannan daraja. Ƙidayar jama'a tana iya manta wani, mai ba da labari yana iya tsallake wani, amma a rabon gado kowa yana zuwa da kansa don kada a manta da shi. Shafi ɗaya zai ba ka mamaci, matansa, 'ya'yansa maza da mata da sunayensu, wani lokaci da mazajen 'ya'yan, da gonaki da bashi. Shari'ar rikicin gado ko ta iyakar gona ta ma fi, domin masu shaida sukan jero kakanni uku ko huɗu don su nuna haƙƙinsu.

*Haraji da filaye.* Hukuma tana iya sakaci da komai, ban da wanda zai biya ta. Jerin masu haraji yakan zo shekara-shekara, da sunan maigida da yawan baligan gidansa. Ka bi shekarun a jere. Shekarar da sunan mutum ya ɓace, sunan ɗansa ya fito a gurbinsa tsakanin maƙwabta iri ɗaya, ka samu kusan lokacin rasuwarsa da shaidar wanda ya gaje shi.

*Ƙidayar jama'a.* Inda aka adana ta da sunaye, tana nuna gida ɗungurungum a rana ɗaya. Ana rufe ta na wani lokaci don sirrin mutane: shekara 72 a Amurka, shi ya sa aka buɗe ta 1950 a 2022, shekara 100 kuma a Ingila, inda ta 1921 ta fito a 2022. A ƙasashe da dama jimilla kawai aka ajiye, babu sunaye, sai ka tambaya kafin ka yi tafiya.

Sauran su ne rajistar shiga makaranta, wadda ke ba da sunan uba ko mariƙi, da takardun soja da na fansho, da na ma'aikatan jirgin ƙasa da ma'adinai, da jerin fasinjojin jirgin ruwa, da sanarwar rasuwa a tsofaffin jaridu, da rubutun kan kaburbura inda ake yi.

6. Ranar zuwa taskar takardu

Kafin ka tashi, ka kira ko ka rubuta. Tambayi ranakun buɗewa, abin da ake buƙata don shiga, ko ana barin ɗaukar hoto, da ko takardun da kake so suna nan ko suna wani rumbu da sai an yi oda. Ka kuma duba FamilySearch tukuna. Shafi ne na kyauta da ke da hedikwata a Salt Lake City a Amurka, sun fara ɗaukar hoton rajistoci a 1938, kuma a 2021 suka gama mayar da naɗin fim miliyan 2.4 zuwa kwamfuta. Gargaɗi ɗaya: yawancin hotunan ba a yi musu fihirisa ba, don haka buga suna a akwatin nema ba zai fito da su ba. Ka nemi sunan wuri a jerin kundayensu, ka buɗe littafin, ka bi shafi-shafi.

Ka je da tambaya ɗaya takamaimai. “Ina neman tarihin danginmu” ba ta ba ma'aikaci abin kamawa. “Ina neman rajistar haraji ta gunduma kaza daga 1925 zuwa 1935” tana sa ya miƙe. Ka girmama ma'aikatan nan, musamman wanda ya daɗe. Na sha ganin abin da kundin jeri bai nuna ba ya fito saboda wani tsohon akawu ya tuna da ɗaurin da ke saman kanta.

Idan an kawo maka ɗauri, wanke hannu ka busar. Kada ka lashi yatsa don buɗe shafi, kada ka danne littafi don ya kwanta, kada ka canza jerin takardun da ke cikin fayil. Kashe fitilar kyamara. Hoton farko ya zama na bangon fayil da lambarsa, sannan shafin da kake so dukansa har gefe-gefe, sannan shafin gabansa da na bayansa. Gefen shafi ne akawu ke rubuta “ya rasu”, “ya ƙaura”, “ɗan wane”. Inda aka hana hoto, kwafe da fensir harafi da harafi yadda yake, har da kuskurensa, ka sa naka bayanin daban.

A littafinka ka rubuta kwanan wata, sunan taska, lambar fayil, shafi, da abin da ka samu. Ka rubuta har abin da ka duba ba ka samu komai ba, da shekarun da ka bi. In ba haka ba, bayan shekara biyu za ka sake bin littafin nan daga farko.

7. Karanta da hankali: suna, shekaru, kalanda

Suna a tsohuwar takarda yadda kunnen akawu ya ji ne. Idan akawun baƙo ne, ko yana rubutu da wasu haruffa dabam da na harshen mai sunan, suna ɗaya zai fito da siffa biyar. Ka rubuta duk yadda za a iya rubuta sunan, ka faɗe shi da ƙarfi ka ji yadda baƙo zai ji shi. Ka tuna kuma sunan iyali da ake gada sabon abu ne a wurare da yawa. Turkiyya sai a 1934 ta yi dokar da ta wajabta shi. Inda ake kiran mutum da sunansa da na ubansa, suna na biyu yana canzawa a kowane hawa, kuma wannan alheri ne gare ka, domin kowane suna yana ba ka uba kyauta. Wasu kuma sunan gari ko na sana'a ko na mariƙi aka rubuta musu ranar shiga makaranta ko soja, ya bi su har kabari.

Idan rubutun hannu ya gagare ka, kada ka tsaya kan kalmar. Karanta shafuka da yawa na wannan akawu, ka nemo kalmomin da ka tabbatar da su, ka zana yadda yake yin kowane harafi a gefen littafinka. Bayan awa ɗaya idonka zai saba.

Shekarun haihuwa kuwa, kada ka rantse a kansu. Mutanen da ba su riƙe ranar haihuwa sukan ce 30 ko 40 ko 45, shi ya sa tsofaffin rajistoci suka cika da lambobi masu ƙarewa da sifiri da biyar. A ƙidayar Ingila ta 1841 ma umarni aka bayar a rage shekarun duk wanda ya wuce 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, mai 34 ya koma 30. Wasu sun ƙara shekaru don shiga soja, wasu sun rage don makaranta ko aiki. Ka ba kowane adadi sararin shekara biyar gaba da baya.

Sai kalanda. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Don kimantawa, ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 tana ba da 1931 da ɗoriya, kuma lallai a 1931 ta kama. Don samun ainihin rana sai ka yi amfani da jadawalin juyawa, ka bar sararin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata. Ita ma Miladiyya ba lokaci ɗaya aka karɓi gyararriyarta ba: wasu ƙasashen Katolika a 1582, Birtaniya da yankunanta a 1752, Rasha a 1918. Koyaushe ka rubuta kwanan wata yadda ka gan shi, sannan ka sa juyinka kusa da shi.

8. Tabbatar kafin ka ƙara hawa

Ga kuskuren da ya fi kowane ɓarna: ka ga suna irin na kakanka a gari irin nasa, ka ɗauka shi ne. A gari ɗaya ana iya samun mutum biyar masu suna ɗaya a zamani ɗaya, wasunsu ma 'yan uwan juna. In ka kama wanda ba shi ba, duk abin da ka ɗora a kai na wasu ne. Kafin ka yarda, sai abu biyu ko uku sun dace bayan suna: sunan mata, sana'a, unguwa, sunan ɗan'uwa, gonar da aka gada.

Ga kowace takarda ka yi tambaya uku. Wa ya ba da bayanin? Yana wurin da abin ya faru? Shekara nawa tsakanin faruwar abin da rubuta shi? Takardar mutuwa shaida ce mai ƙarfi a kan ranar rasuwa, amma mai rauni ce a kan ranar haihuwar mamacin da sunan uwarsa, domin jika ne ko maƙwabci ya faɗa cikin jimami, shekara 80 bayan abin. Takarda ɗaya, wani layi ƙwaƙƙwara, wani layi ji-ta-ji-ta.

Ka yi lissafi kuma. Tsakanin uba da ɗa yawanci shekara 25 zuwa 35 ne in aka ɗauki tsaka-tsaki. Idan salsalar baka ta ba ka mutum huɗu a cikin shekara 300, an tsallake wasu, abin da ke yawan faruwa idan jika da kaka suna ɗaya ne, sai a haɗe su su zama mutum guda. Idan labarin baka da takarda suka saɓa, kada ka yi saurin jefar da na baka. Akawu ma yana kuskure, wani lokaci kuma da gangan aka gaya masa ba daidai ba don gudun haraji. Rubuta duka biyun, da wanda ka fi karkata gare shi da dalilinka.

Salsalar da wasu suka ɗora a intanet ba shaida ba ce. Mutum ɗari suna iya kwafar kuskure ɗaya. Ka ɗauke ta a matsayin nuni, ka je ka ga asalin takardar da idonka, gani ya kori ji.

9. Idan takardun sun ƙone, ko ba a taɓa rubuta su ba

Wannan zai same ka, domin ya sami kowa. Gobara ta 1921 a Washington ta yi sanadin salwantar kusan duk ƙidayar Amurka ta 1890. A 1922 taskar takardun Ireland da ke Dublin ta ƙone a yaƙin basasa, da ƙidayoyin 1821 zuwa 1851. Ƙidayar Ingila ta 1931 ta ƙone a 1942. Inda wuta ba ta ci ba, gara da ruwan sama da sakaci sun ci.

Abu na farko, nemi kwafi. Hukumomi suna son kwafi biyu. A Faransa ana rubuta rajista sau biyu, ɗaya a gari, ɗaya a kotu. A Ingila coci-coci suna aika kwafin rajistarsu ga bishop. Hukuncin ƙaramar kotu yana iya kasancewa a fayil ɗin ɗaukaka ƙara. Shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki hoton tarin takardu daga ƙasashe da dama ya sa a intanet kyauta, ka duba ko yankinka na ciki.

Na biyu, bi ta gefe. Idan kakanka bai bar sawu ba, nemi ɗan'uwansa da ya shiga soja ko ya yi aikin gwamnati ko ya yi shari'a. Iyayensu ɗaya, takardarsa za ta ba ka su. Bi maƙwabta da shaidun aure ma, domin mutane a ƙungiya suke ƙaura, inda maƙwabci ya fito sau da yawa nan naka ya fito.

Zuri'ar waɗanda aka bautar suna da wahala ta musamman. A Amurka sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta yawancinsu da sunayensu, kafin nan babu suna, shekaru da jinsi da launin fata ake sawa a ƙarƙashin sunan mai su. Dole a bi ta takardun gado da na ciniki na gidan da ya riƙe su. Karatu ne mai ciwo, ganin sunan mutum a jerin dukiya, amma sau da yawa nan kaɗai sunan ya rage, kuma ya cancanci a fito da shi.

Gwajin DNA yana taimakawa a wuri ɗaya: gano dangi masu rai da kuka haɗa kaka a cikin hawa biyar ko shida. Kana raba kusan rabin DNA ɗinka da kowane mahaifi, kusan kashi 25 cikin ɗari da kaka, kusan 12.5 da ɗan baffa ko ɗan kawu. Ba ya ba da sunan kakannin da suka shuɗe, kuma kason “asalin ƙabila” da kamfanoni ke nunawa kimantawa ce da ke canzawa. Ka sani kuma yana iya tono abin da ba ka nema ba, game da kai ko wani. Ka yi shawara da manyanka kafin ka yi, ka karanta abin da kamfanin zai yi da bayananka.

10. Adana, ka rubuta, ka raba

Tsohuwar takarda ba ta son zafi da laima da hasken rana. Kada ka manne ta cikin leda da na'ura mai zafi, ba a iya cire ta kuma. Kada ka liƙa mata salatif, yana rinar da ita. Cire ƙusar fayil da ta yi tsatsa, shimfiɗa takardar a fayil na kwali, ka ajiye a wuri busasshe da ba ya taɓa ƙasa. Hotuna da muryoyi ka ajiye su a wuri uku: waya ko kwamfuta, ma'ajiya ta daban, da hannun wani ɗan'uwa a wani gida. Sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, lambar mutum da irin takardar da shekara.

Kada ka jira sai ka gama kafin ka rubuta, ba a gamawa. Da ka kammala reshe ɗaya, rubuta shi a shafi kaɗan: kowane mutum, abin da aka tabbatar da inda aka samo shi, abin da ake zato da alamar cewa zato ne. Cire ranakun haihuwa da adireshin masu rai daga duk abin da za ka sa a intanet, sai da izininsu. Buga kwafi ka kai wa dattawan da suka ba ka labari, ka karanta musu da baki, fensir a hannunka, domin a nan ne za a ce maka ka manta da wance, kuma wane ba ɗan wane ba ne, ƙaninsa ne. Gyara a wurin, ka rubuta wanda ya yi gyaran da ranar, sannan ka ɗauki reshe na gaba.